Maganin Jegon Hajiya Kande

A Janaina, bakin iyakar Sudan, na fara ganin Rakiya, tana zaune a kan ƙullin kayanta a gindin babbar motar da ta mace mana a hanya, tana yi wa ɗanta fifita da gefen mayafi. Ni daga Haɗeja na fito, bazawara, ba ɗa ba jika. Ita kuwa daga Damagaram, tare da mijinta Malam Sule, tela. Motar nan cike take da masu niyyar Makka, kowa da carbi a hannu yana motsa baki, amma da ruwan gorana ya ƙare duk sai idonsu ya koma kan carbin. Ita kaɗai ta miƙo min nata ta ce, "Sha, Yaya." Daga ranar na zama yayarta.

Guzuri ya ƙare mana a Sudan, muka tsaya tsinkar auduga a Jazira har damina ta zagayo. A can shawara ta kama Rakiya, idonta ya rine, fitsarinta ya yi kamar shayi, ta kwanta ta daɗe. Ni na yi jinyarta, ni na goyi ɗanta, Malam Sule kuwa yana bakin bukka yana tofi daga nesa don kada ya ɗauka. Ta tashi, amma tun daga lokacin ba ta ƙara son abinci mai maiƙo ba.

Daga Sawakin, a bakin Bahar Maliya, wani dillali ya zuba mu a kwalekwalen katako, ya rantse da Alƙur'ani a Jidda za a sauke mu. Mai jirgin ya sauke mu a wata gaɓa inda ko kare babu, ya nuna arewa da sandarsa ya ce Jidda ga ta nan bayan tudun can. Kwana da kwanaki muka yi muna neman bayan tudun nan. Mai jirgin nan shi ne ɗan ƙasa mai tsarki na farko da ya yi mana magana.

Duk baƙon da ya shigo Jidda ba takarda a lokacin, gidan Hajiya Kande ake nuna masa. Gida ne na kwano da katakon akwatunan jirgi, a wani lungu bayan unguwar Sharafiyya, an yayyanka shi ɗaki-ɗaki kamar akurki. Hajiya Kande haihuwar Sudan ce, ƙatuwar mace, haƙoran Makka huɗu a baki, kuma ta iya dariyar da za ta nuna su duka. Ita ke samo wa mutum kafili, ɗan ƙasar da zai tsaya masa, ita ke samo aikin wanki, ita ke haɗa aure, ita ke karɓar haihuwa, ita ke wankan gawa. Ko ta ina ka ɓullo sai ka bi ta hannunta. Matan gidan kuwa in ta yi atishawa sai sun ce ta yi gaskiya. Ban taɓa ganin taron manya masu furfura da suka sallama hankalinsu ga mutum ɗaya kamar waɗannan ba.

Ni ta kai ni aiki gidan wata tsohuwar Balarabiya a cikin Sharafiyya, Sitti Zaina. Ranar farko da aka miƙo min gahawa na ɗauka wulaƙanci ne: ɗan finjali kamar ƙwai, ko rabinsa ba a cika ba, ruwan rawaya-rawaya ga ɗaci. Na ce a raina wato 'yar aiki ko shayi ba ta isa a ba ta ba. Ashe haka suke ba sarki ma. Kafin shekara ta zagayo ni ke soya 'ya'yan gahawar, in daka a turmin tagulla, in sa hel don ƙamshi, in tafasa, har Sitti Zaina ta daina shan ta kowa sai tawa. Tsohuwa ce mai faɗa, ba ta taɓa kiran sunana daidai ba, "ya Asaba" take cewa maimakon Asabe, amma ba ta taɓa cin abinci ba ta tambaya ko na ci ba.

Muna nan Rakiya ta haihu, sai tashin hankali ya same mu. A gida mai jego ta san abin da ke jiranta, wankan tafasasshen ruwa da ganye safe da yamma, kunun kanwa, gadon wuta. A Jidda kuwa ruwa a gwangwani ake saye wajen 'yan garuwa, itace sai mai hali, kanwa sai alhazai sun zo da ita. Kowace mace a cikinmu ta taso da tsoron sanyin jego, an ce in ya shige ki sai kumburi, sai kabari. Rakiya ta zauna tana kuka, ba uwa kusa, ba tukunyar wanka.

Hajiya Kande ta shigo da kwalba a ƙarƙashin mayafi.

"Daina kuka, ya bitti, 'yata. Nan ba ƙauye ba ne. Wankan ganye na mutanen daji ne, mu nan dawa muke sha, yaani magani, daga jirgin ruwa yake zuwa. Kin ga kalarsa? Jini ne zalla. Finjali da safe, finjali da yamma, halas, shi ke nan."

Rakiya ta kurɓa ta yamutse fuska, can sai ta yi murmushi ta ce, "Yaya, ɗumi har yatsun ƙafata." Ta yi barcin da rabonta da irinsa tun Damagaram. Matan gida suka yi ta sa wa Hajiya albarka.

Na ɗauki kwalbar na shinshina. An zuba zuma da kanumfari don a ɓatar da sawu, amma ni ba a yi min wannan. Mijin da na rabu da shi a gida direba ne, Sabongari ta fi ni sanin inda yake kwana, na wanke amansa har na gaji na nemi takardata. Warin da ya kashe min aure ba zan manta shi don na ƙetare teku ba.

Na ce, "Hajiya, wannan ai giya ce."

Hajiya Kande ta dafe ƙirji ta juya ga matan. "Kun ji? Giya. A ƙasar Manzo. Daga nan zuwa Ka'aba tafiyar hantsi ce, amma wai giya. Ke kin san abin da hukuma ke yi wa wanda aka kama da ita? Ta ina za ta shigo, ta ƙarƙashin ƙasa? Aib, ya Asabe. Wanda ya saba da bariki ko zamzam aka ba shi warin bariki zai ji."

Aka yi dariya, aka yi salati, wata tsohuwa ta ce in yi istigfari don na yi wa ƙasa mai tsarki ƙazafi. Hujjarsu ke nan gaba ɗayanta, ba su da wata. An hana giya a ƙasar, saboda haka duk abin da ke cikin ƙasar ba giya ba ne. Mutanen da mai jirgi ya yasar a bakin teku, mutanen da kafilai ke riƙe wa takardu suna juya su kamar waina, su ne suka zauna suna gaya min ba a aikata haram a nan. Na dubi Malam Sule, mai karatu, ko zai ce wani abu. Ya ce shi dai tela ne, maganar jego ta mata ce, ya koma kan kekensa.

Rakiya ta kama hannuna bayan an watse. "Yaya, ki bari. A gidanta muke. Kuma wallahi yana min daɗin jiki."

Aka yi arba'in, kwalba ba ta tafi ba. Aka yaye yaro, kwalba tana nan. In na je ranar Juma'a, ranar da Sitti Zaina ke sallamata, sai in tarar da Rakiya tana wankin Larabawa da idanu jajur, tana fara'ar da ba ta da dalili. Ta ce min, "In na sha, Yaya, sai in ji kamar ina tsakar gidanmu, Inna tana daka." Wannan magana ta fi komai ƙona min rai, don ni ma na san kewar gida, na san yadda take kama mutum da la'asar in an kira salla da muryar da ba ta garinku ba. Kande ta san wannan ciwon sarai, shi take sayar wa magani. Da safe hannun Rakiya kan yi rawa har sai ta kurɓa, Kande ta ce ai sanyin ne ke fita.

Ta ƙara haihuwa, ɗan bai zo da rai ba. Ta ƙara, aka samu mace, aka sa mata Hauwa'u muna kiranta Maijidda. 'Yar mitsitsiya ta zo, ba ta da kuka mai ƙarfi, ta yi jinkirin zama, ta yi jinkirin tafiya. Kowace haihuwa Kande sai ta ƙara yawan finjalin, tunda a cewarta jinin da aka zubar sai an mayar.

Ni abin da nake iya kai mata shi ne gahawa. Sitti Zaina ta ba ni wani tsohon tarmus, wato filas, nakan cika shi ranar Juma'a in haɗa da dabino, mu zauna a inuwar kwano muna sha muna hirar hanya. Rakiya tana sonta. Takan ce ita ce kaɗai abin da ke washe mata kai. A irin wannan zaman ne wata rana ta ɗago ido ta dube ni, na ga farin idonta ya koma irin na Jazira.

Kafin in buɗe baki Kande ta riga ni. Ta tara matan gida, ta tsiyaya gahawata a finjali ta kai kusa da fuskar Rakiya.

"Ku duba da idonku. Kalar wannan da kalar idonta, akwai bambanci? Gahawa busar da jini take, ta Larabawa ce, su jikinsu ya saba. Ni ina zuba jini, wannan tana zuwa duk Juma'a tana tsotsewa. Macen da ba ta taɓa haihuwa ba me ta sani a jikin mai haihuwa?"

Matan suka leƙa finjali, suka leƙa ido, suka gyaɗa kai. Ilimin likitancinsu ya ƙare a nan: ja jini ne, rawaya shawara ce. Da a ce Rakiya ta yi kore da sun hana ta miyar kuka. Aka ce kada in ƙara shigowa da tarmus, daga baya aka ce kada in ƙara shigowa ma gaba ɗaya. Malam Sule ne aka aiko ya faɗa min a bakin ƙofa, yana kallon ƙasa, allura soke a gaban rigarsa.

Sai na koma tare Rakiya a hanya in ta fito kai wanki. Hannuwanta sun zama sillan kara, wuyanta ya zurma, cikinta kuwa yana ta tasowa. Ta ce min da murna, "An ce ciki ne, Yaya." Wata tara ya wuce, shekara ta wuce, ba naƙuda ba motsi. Kande ta shafa ta ce kwantaccen ciki ne, gahawar da aka ɗura mata ce ta kwantar da shi, sai an ninka magani kafin ya tashi. Matan gida suna yi mata barka, suna tsokanarta wai tagwaye ne. Ƙafafunta sun kumbura har takalmi ba ya shiga, suka ce alamar namiji ce.

Ranar da ta yi aman jini a kan wankin mutane, wata maƙwabciya da ba 'yar gidan ba ce ta zo ta gaya min. Na tarar an shimfiɗe ta ana mata hayaƙi. Na ce asibiti. Malam Sule ya ce, "Yaya Asabe, iƙamarmu, takardar zamanmu, ta mutu. In aka tambaya fa? Kwashe mu za a yi a zuba a jirgi."

Na ce, "Malam, in ta mutu makabarta ma sai an tambaye ka takarda."

Bai motsa ba. Na koma gidan aiki a guje, na faɗa wa Sitti Zaina da ɗan Larabcin da nake da shi. Tsohuwar nan da ƙyar take sauka daga bene, amma ta jawo abayarta ta ce wa direbanta, "Yalla." Ita ta tsaya a ƙofar gidan Kande da sandarta har aka fito da Rakiya. Kande da ke cika unguwa da murya ta koma "marhaba, ya Sitti, marhaba", haƙoran nan huɗu duk a waje. A asibiti Sitti Zaina ta ce Rakiya mai aikinta ce, ba wanda ya ƙara tambayar takarda. Ni kuwa tun kafin mu fito daga gidan Kande na sunkuci kwalbar na sa a zanina.

Likitan Bamisire ne. Mai fassara mana wata ma'aikaciya ce baƙa kamarmu, jikar alhazan da suka zo tun da, haihuwar Jidda, Hausarta rabi Larabci. Ya danna cikin Rakiya, ya ƙwanƙwasa, ya saurara, ya yi magana.

"Ya Khala, daktor ya ce ma fi ciki. Ba yaro. Moya ne, ruwa ne ya taru. Kibda ɗinta, yaani hanta, ta ƙandare, ta ƙanƙance, ba ta aiki. Yana tambaya ta taɓa shawara?"

Na ce ta taɓa, a Sudan. Na fito da kwalbar na miƙa. Ya buɗe ya kai hanci sau ɗaya ya rufe da sauri, ya waiwaya ƙofa. Kalmar da ya faɗa ba ta bukaci fassara ba, duk mai zuwa makarantar allo ya san hamru. Ya ce hantar da shawara ta riga ta raunana aka yi shekaru ana zuba wa wannan safe da yamma, ga ciki, ga shayarwa, kuma abin da uwa ta sha ɗan cikinta ma ya sha. Na tambayi gahawa. Ya ɗaga kafaɗa ya ce gahawa ba ta yi mata komai ba, in tana so a ba ta. Yanzu da na tsufa har ji nake likitoci na cewa gahawa takan taimaki hanta ma in ba a wuce kima ba, mai ciki ce kawai ake ce wa ta rage. Wato abu ɗaya da ba ya cutar da ita a gidan nan shi suka kora da ni.

Aka zuƙe ruwan, cikin ya saɓe, bayan 'yan kwanaki ya sake cika. Rakiya ba ta tambayi ko za ta tashi ba. Abin da ta tambaya shi ne, "Yaya, sallolina fa? Da shi a cikina na tsaya Arfa."

Na ce, "Allah ba ya kama bawa da abin da bai sani ba."

Ta ce, "Kin faɗa min tun ranar farko. Ni ce ban so in sani ba."

Na gyara mata matashi. Can ta ce, "Akwai masu ciki uku a gidan nan yanzu. In na tafi za su ce da ciki na mutu, na yi shahada. Kada ki rufa min asiri, Yaya. Ki faɗa a gaban kowa."

Na ce, "'Ya'yanki fa? Za a riƙa nuna su."

"A nuna su suna da rai."

Daga baya hankalinta ya fara gushewa, tana kiran Innarta, tana ce min in sauke tukunya. Ranar wata Talata da hantsi ta cika, hannunta a cikin nawa.

Yadda ta faɗa haka aka yi. Kande ce ta yi mata wanka, ta fito tana share ido tana ba da labarin yadda gawa ke murmushi. Wai ta mutu da juna biyu, a ƙasa mai tsarki, shahada biyu ke nan a haɗe. Tsakar gida ta cika da mata har daga wasu unguwanni. Yayyen Maijidda biyu suna wajen maza tare da ubansu. Maijidda kuwa, da a da ba mai ɗaukarta don ba ta da kuzari ga yawan dalala, ranar sai ga ta daga wannan cinya zuwa waccan. Kowacce na son ta taɓa 'yar shahidiya ta samu tabarraki. Mata biyu har da cacar baki a kan wadda za ta riƙe ta, Kande ta raba gardama ta ce ita za ta riƙe, ta ɗora ta a cinyarta.

Malam Sule ya tare ni a soro. "Yaya Asabe, don girman Allah. An riga an ce shahada. Ki bar ta a haka, mutuncinta ne."

Na ce, "Mutuncinta ko naka?" Na wuce.

Ban zauna ba. Na tsaya a tsakiyarsu na yi sallama, na ce saƙon mamaciya na kawo. Na ce Rakiya ba ta da ciki, ruwa ne, a gabana aka zuƙe shi. Na ce hantarta ce ta mutu kafin ita, kuma abin da ya kashe hantar shi ne maganin jegon da ake sayarwa a gidan nan, likita ya shinshina ya kira shi da sunansa. Na dubi masu cikin nan uku ɗaya bayan ɗaya na ce ta ce in gaya muku musamman.

Na zaci za a yi salati, ko a juya a dubi Kande. Ba wadda ta dube ta. Tsohuwar nan da ta taɓa sa ni istigfari ita ta fara magana, cikin ɓacin rai kamar na ƙwace mata wani abu.

"To yanzu da kika faɗa, shahadar ta tashi ke nan?"

Wata ta ce, "Ashe mashayiya muka zo wa gaisuwa."

Kande ta ce, "Ni magani na bayar. In wata ta zarce kima ta mayar da shi abin sha, laifin wa? Ku fitar min da ita."

Tana faɗa tana sauke Maijidda daga cinyarta. Ta ajiye ta a kan tabarma, ta kakkaɓe zaninta. Yarinyar ta rarrafa wajen matar da ɗazu ke rantsuwa ita za ta riƙe ta, matar ta janye ƙafa ta juya tana gyara ɗankwali. Ta nufi ta kusa da ita, ita ma ta matsa. Yarinya ta zauna a tsakiyar tabarma, fili ya buɗe kewaye da ita, tana bin fuskoki da kallo, ba ta ma iya kukan kirki ba.

Na kwance mayafina, na sunkuya na ɗauke ta na saɓa a baya na ɗaure. Na bi ta tsakiyarsu a hankali, na bi ta soro inda ubanta ke zaune cikin maza, na tsaya a gabansa har ya ɗago ya gan mu, don kada gobe a ce sace ta na yi. Na sa takalmina na fita titi. Ba wanda ya ce in sauke ta.